Lambobi, guntayensu da masu ɗigo: Jagora ga mai shirin jarrabawar GRE da GMAT

Duk ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ya taɓa neman gurbin karatun digiri na biyu ko na uku a jami'o'in Amurka, ko a manyan makarantun nazarin harkokin kasuwanci na duniya, da wuya a ce bai ci karo da sunan GRE ko GMAT ba. Jarrabawowi ne guda biyu da jami'o'i da dama ke duba sakamakonsu wajen tantance masu neman shiga, wani lokaci har da waɗanda za a bai wa tallafin karatu. Kuɗin rajistar kowace ɗaya ya haura Dala 200, saboda haka maimaita ta ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai karɓar albashi da Naira.

Lissafin da ke cikin jarrabawowin bai wuce na sakandare ba. Duk da haka, mutumin da ya shekara goma yana riƙe da littafin kuɗi a ofis, ko yana juya miliyoyi a kasuwa, yakan yi tuntuɓe a tambayar da ya ɗauka ta yara ce. Dalili kuwa shi ne rayuwar yau da kullum ta saba mana da lambobi cikakku: buhu uku, ma'aikata goma, Naira dubu biyar. Ita kuwa jarrabawar, idan ta ce "lamba", tana nufin kowace irin lamba ce, har da rabi, da sifiri, da abin da ke ƙasa da sifiri. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido. Wannan maƙala ta tattaro abin da ya wajaba a sani game da wannan babi.

Yadda jarrabawowin suke

Hukumar ETS da ke Amurka ce ke shirya GRE. Tun daga watan Satumban 2023 aka rage tsawonta zuwa ƙasa da awa biyu. Ɓangaren lissafinta ya kasu gida biyu: tambayoyi 12 a cikin minti 21, sai tambayoyi 15 a cikin minti 26. Wahalar kashi na biyu ta dogara ne da irin ƙoƙarin da mutum ya yi a na farko. Makin lissafi yana farawa daga 130 ya tsaya a 170, akwai ƙaramar kalkuleta a fuskar kwamfuta, kuma sakamakon yana aiki har shekara biyar.

GMAT kuwa hukumar GMAC ce ke da ita, an fi neman ta wajen shiga karatun MBA. Ɓangaren lissafinta tambayoyi 21 ne a cikin minti 45, kuma babu kalkuleta a wannan ɓangare.

Idan aka raba lokacin da yawan tambayoyi, za a ga abin da kowace tambaya ke samu bai kai minti biyu ba a GRE, ya ɗan haura biyu a GMAT. Dukkansu kuma sun shimfiɗa ƙa'ida guda tun daga farko: duk lambobin da za a yi amfani da su lambobin haƙiƙa ne. Jami'o'i da yawa sun sassauta sharaɗin waɗannan jarrabawowi a shekarun baya-bayan nan, don haka yana da kyau mutum ya duba ka'idar sashen da yake nema kafin ya biya kuɗi.

Mene ne lambobin haƙiƙa?

A ƙaddara an ja miƙaƙƙen layi wanda ba shi da farko ba shi da ƙarshe, aka sa sifiri a tsakiyarsa. A dama akwai 1, 2, 3 har abin da ya yi sama. A hagu akwai −1, −2, −3 har abin da ya yi ƙasa. Kowane ɗigo a kan wannan layi lamba ce, kuma su ne gaba ɗaya ake kira lambobin haƙiƙa. Lambar da ke dama ita ce babba a kan ta hagu a ko'ina a kan layin. Wannan ne ya sa −2 ta fi −9 girma, kamar yadda wanda ake bi bashin Naira 2,000 ya fi wanda ake bi 9,000 sauƙin hali.

Lambobin haƙiƙa sun kasu kamar haka:

Cikakkun lambobi: su ne waɗanda ba su da guntu, wato …−2, −1, 0, 1, 2… 'Yan makaranta na kiransu intija. A lura cewa sifiri da na ƙasa da sifiri duk suna cikinsu.

Lambobin bisa: su ne duk lambar da za a iya rubutawa a matsayin "kaza bisa kaza", inda ta sama da ta ƙasa duk cikakku ne, ta ƙasan kuma ba sifiri ba ce. Misali 3/4 da −7/2. Ita ma 5 tana cikinsu domin 5/1 ce, haka nan 0.25 domin 1/4 ce.

Gagara-bisa: su ne waɗanda ba za su taɓa rubutuwa ta wannan hanya ba, irin su √2 da π. Bayaninsu na tafe.

Muhimmin abu shi ne, tsakanin kowace lamba biyu akwai lambobi marasa iyaka. Idan tambaya ta ce n tana tsakanin 2 da 5, sannan ta ƙara da cewa n cikakkiyar lamba ce, to amsa 3 ko 4 ce kawai. Idan ba ta faɗi haka ba, 2.1 da 9/2 da √10 duk sun cancanta. Kalma ɗaya tak ce ta raba tambayoyin biyu, kuma ita ce mai gaggawa ke tsallakewa.

Sifiri da abin da ke ƙasa da shi

Sifiri ba ya cikin lambobin sama, ba ya cikin na ƙasa. Cikakkiyar lamba ce, kuma cika ce ba mara ba, wato tana rabuwa biyu babu saura. Duk abin da aka ninka da sifiri ya zama sifiri. Ana iya raba sifiri da wata lamba a samu sifiri, amma raba wata lamba da sifiri ba shi da ma'ana a lissafi. Saboda haka idan aka ga 5/(x − 3), to x ba za ta zama 3 ba.

Wajen ninkawa da rabawa, lambobi biyu masu alama iri ɗaya suna ba da amsa ta sama da sifiri: −4 × −3 = 12. Masu alama daban suna ba da ta ƙasa: −4 × 3 = −12. Ɗebe lambar ƙasa da sifiri daidai yake da ƙara kishiyarta: 7 − (−2) = 9, tamkar wanda aka yafe wa bashi ne, arzikinsa ƙaruwa ya yi.

Idan aka ninka ko aka raba ɓangarori biyu na alamar fifiko da lambar ƙasa da sifiri, alamar juyawa take yi. Daga −2x > 6, abin da ke fitowa shi ne x < −3.

Akwai kuma tazarar lamba daga sifiri, wadda ake rubutawa tsakanin sanduna biyu. |−7| = 7, haka ma |7| = 7, domin tazara ba ta duba ɓangare. Idan aka ce |x − 3| = 5, amsoshi biyu ne: 8 da −2.

Guntayen lambobi

Guntun lamba, wanda a aji ake kira firakshan, ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, sumuni da ushuri kalmomi ne da muka daɗe da su, yawancinsu ta hanyar karatun fiƙihu. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya ga yadda ake tara guntaye masu lambar ƙasa daban-daban.

A ɗauka mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, mahaifiya da 'ya'ya maza. Matar tana da sumuni, 1/8, mahaifiya tana da sudusi, 1/6. Ba a iya tara su kai-tsaye, sai an nemo ƙaramar lambar da 8 da 6 duk za su iya raba ta, wato 24. Malaman gado na kiranta asalin mas'ala. Sumuni ya koma 3/24, sudusi ya koma 4/24, jimilla 7/24, saura 17/24 na 'ya'ya. Idan dukiyar da za a raba Naira 2,400,000 ce, matar ta samu 300,000, mahaifiya 400,000, 'ya'ya 1,700,000. Wannan ita ce ka'idar tarawa da ɗebewa ɗungurungum: a daidaita lambobin ƙasa, sannan a tara na sama kawai. Kuskuren da aka fi yi shi ne tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, a ce 1/8 + 1/6 = 2/14, wanda bai ma kai sudusin shi kaɗai ba.

Ninkawa ta fi sauƙi: sama da sama, ƙasa da ƙasa. Zakkar kuɗi rubu'in ushuri ce, wato 1/4 × 1/10 = 1/40. Wannan ne ya sa, idan dukiya ta kai nisabi kuma ta shekara, ake fitar da Naira 1,000 a cikin kowace 40,000.

Rabawa kuwa, sai a kifar da guntu na biyu a ninka. Tela yana da yadi 6, yana so ya yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa 3/4 na yadi. Lissafin shi ne 6 × 4/3 = 8. Amsar ta fi 6 yawa, kuma haka ya kamata, domin kowace gunduwa ba ta kai yadi guda ba.

Wajen gane wanda ya fi girma tsakanin guntaye biyu na sama da sifiri, hanya mafi sauri ita ce ninkawa a gicciye. Tsakanin 5/8 da 7/11: 5 × 11 = 55, sannan 7 × 8 = 56. Tunda 56 ta fi 55, to 7/11 ce babba. Wata hanyar ita ce auna kowanne da rabi: 9/19 bai kai rabi ba, 6/11 ya haura rabi, magana ta ƙare.

Tarkon da jarrabawar ta fi ɗanawa a nan shi ne kalmar "saura". Ma'aikaci ya kashe sulusin albashinsa a kan abinci, sannan ya kashe rubu'in abin da ya saura a kan kuɗin makaranta. Nawa ya rage? Mai gaggawa zai ɗebe 1/3 da 1/4 daga 1 ya samu 5/12. Amma rubu'in na saura ne, ba na dukan albashi ba. Bayan abinci saura 2/3, bayan makaranta saura 3/4 na wannan, wato 2/3 × 3/4 = 1/2. A gwada da Naira 120,000: abinci 40,000, saura 80,000, makaranta 20,000, saura 60,000. Rabi ne cif.

Lambobi masu ɗigo

Dattawa na tuna lokacin fam da sule, sa'ad da fam ɗaya yake sule 20, sule ɗaya kuma kwabo 12. Sisi rabin sule ne, taro rubu'insa. Tara kuɗi a wancan zamani sai an yi ta rabawa da 12 da 20. A ranar 1 ga Janairun 1973 Najeriya ta koma Naira da kwabo, Naira ɗaya kwabo 100, Naira biyu a madadin fam guda. Sauƙin da wannan canji ya kawo shi ne sauƙin lamba mai ɗigo, wadda ake kira desimal: komai goma-goma ne.

Tsarin ya daɗe. Masanin lissafi Abul Hasan al-Uƙlidisi ya yi amfani da shi a littafin da ya rubuta a Dimashƙa wajajen shekarar 952. Jamshid al-Kashi ya yi cikakken bayaninsa a Samarƙand a 1427, kafin Simon Stevin ya yaɗa shi a Turai a 1585.

Gurbi na farko bayan ɗigo ɗaya bisa goma ne, na biyu ɗaya bisa ɗari, na uku ɗaya bisa dubu. Saboda haka 0.375 daidai take da 375/1000, wadda idan aka rage ta za ta koma 3/8. Tsawon lamba ba shi ne girmanta ba: 0.7 ta fi 0.65, domin 0.70 ce, kwabo 70 kuwa ya fi kwabo 65. A ƙasa da sifiri abin juyawa yake yi, −0.65 ce babba a kan −0.7.

Wajen tarawa da ɗebewa, a jera ɗigo a ƙarƙashin ɗigo. Wajen ninkawa, a manta da ɗigon tukuna, daga baya a ƙirga yawan gurabun da ke bayansa a lambobin biyu: 0.3 × 0.02, uku sau biyu shida, gurabu uku, amsa 0.006. Wajen rabawa, a matsar da ɗigon duka biyun daidai wa daida har mai rabawar ta zama cikakkiya: 4.5 ÷ 0.15 daidai yake da 450 ÷ 15, wato 30.

Duk guntun da aka mayar mai ɗigo, ɗayan biyu ne: ko ya tsaya, ko ya riƙa maimaita kansa har abada. Hanyar ganewa ita ce a rage guntun iya raguwarsa, sannan a duba lambar ƙasa. Idan ba a gina ta da komai ba sai ninkin 2 ko 5 ko dukansu, zai tsaya: 7/40 = 0.175, domin 40 ita ce 2 × 2 × 2 × 5. Idan akwai 3 ko 7 ko 11 ko makamantansu a cikinta, zai maimaita: 5/12 = 0.41666… Ragewar farko tana da muhimmanci. A ido 21/56 kamar ba zai tsaya ba saboda 7 da ke cikin 56, alhali 3/8 ne.

Maimaituwar kanta abin tambaya ce. 1/7 = 0.142857142857…, alƙaluma shida ne ke zagayowa. Idan aka tambayi alƙalamin da ke gurbi na 50 bayan ɗigo, sai a raba 50 da 6, a samu 8 saura 2. Amsa ita ce ta biyu a jerin, wato 4.

Mai maimaitawa ma ana iya mayar da ita guntu. A ce x = 0.363636… Idan aka ninka da 100, 100x = 36.363636… A ɗebe ta farko daga ta biyu, jelar ta tafi, saura 99x = 36. Ke nan x = 36/99 = 4/11. Da wannan hanya ake tabbatar da abin da mutane da yawa ke musu a kai, cewa 0.999… mara ƙarshe daidai take da 1.

Wajen taƙaita lamba zuwa wani gurbi, alƙalamin da ke biye da gurbin kaɗai ake dubawa. Idan aka ce a taƙaita 2.449 zuwa gurbi ɗaya, amsa 2.4 ce. Wanda ya fara mayar da ita 2.45 sannan ya ɗaga zuwa 2.5 ya yi kuskure. Kada kuma a taƙaita a tsakiyar aiki, a bari sai an kai ƙarshe.

Kashi cikin ɗari

Kashi cikin 100 guntu ne wanda lambar ƙasansa 100 ce. Ke nan 1/40 da 0.025 da kashi 2.5 cikin 100 lamba ɗaya ce da aka rubuta ta hanya uku. Gwanintar da jarrabawar ke nema ita ce mutum ya zaɓi rubutun da ya fi sauƙin aiki a kowace tambaya. Waɗannan sun cancanci a haddace su:

1/2 = 0.5 = kashi 50
1/3 = 0.333… = kashi 33 da sulusi
1/4 = 0.25 = kashi 25
1/5 = 0.2 = kashi 20
1/6 = 0.1666… = kashi 16 da sulusi biyu
1/8 = 0.125 = kashi 12.5
1/9 = 0.111… = kashi 11 da ɗaya bisa tara
1/20 = 0.05 = kashi 5

Wanda ya san cewa kashi 37.5 cikin 100 shi ne 3/8, ba ya buƙatar kalkuleta kafin ya ce kashi 37.5 na 640 shi ne 240.

Tarkuna uku ne a nan. Na farko, hawa da sauka ba sa goge juna. Buhun da ake sayarwa Naira 50,000 ya tashi da kashi 20 ya koma 60,000, sannan ya sauka da kashi 20. Bai dawo 50,000 ba, 48,000 ya koma, domin kashi 20 na biyun daga 60,000 aka cire shi. A taƙaice, 1.2 × 0.8 = 0.96.

Na biyu, komawa baya rabawa ce. Harajin VAT a Najeriya ya koma kashi 7.5 cikin 100 a watan Fabrairun 2020. Idan kaya ya kama Naira 10,750 har da harajin, farashinsa na asali shi ne 10,750 ÷ 1.075 = 10,000. Wanda ya cire kashi 7.5 daga 10,750 zai samu 9,943.75, kuma irin wannan amsa ce ake jerawa a cikin zaɓi domin ta ja hankalin mai sakaci.

Na uku, akwai bambanci tsakanin tazarar kaso biyu da yawan ƙarin da aka yi. Da VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5, tazarar 2.5 ce, amma harajin kansa ya ƙaru ne da rabinsa, wato kashi 50 cikin 100.

Gagara-bisa

A samu tayil mai kusurwa huɗu wanda tsawonsa da faɗinsa duk mita ɗaya ne, a ja zare daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a gicciye. Tsawon zaren shi ne √2, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 2. Tsawo ne na gaske da ido ke gani, amma Girkawa sun gano fiye da shekara 2,000 da suka wuce cewa babu wasu cikakkun lambobi biyu da za a ɗora ɗaya bisa ɗaya su ba da shi daidai. Idan aka rubuta ta da ɗigo, 1.41421…, ba ta tsayawa kuma ba ta maimaitawa.

Haka π take, wadda ke nuna sau nawa kewayen da'ira ya ninka faɗinta. Johann Lambert ne ya tabbatar da cewa gagara-bisa ce a shekarun 1760. Ita 22/7 da aka koya mana a makaranta kusa kawai ta yi: 22/7 tana farawa da 3.1428, π kuwa da 3.1415. Idan aka kwatanta su a jarrabawa, 22/7 ce babba.

Yana da amfani a riƙe cewa √2 kusan 1.4 ce, √3 kusan 1.7, √5 kusan 2.2. Ana iya haɗe tushe biyu wajen ninkawa: √2 × √8 = √16 = 4. Ba a yin haka wajen tarawa: √9 + √16 = 3 + 4 = 7, alhali √25 = 5. Sannan alamar √ tana nufin tushen da ba ya ƙasa da sifiri ne kawai. √16 = 4 ce ita kaɗai, amma idan aka ce x² = 16, to x tana iya zama 4 ko −4.

Tsakanin sifiri da ɗaya

A wannan ɗan yanki ne abin da muka saba da shi ke juyewa. Mun saba ninkawa na ƙara yawa, rabawa na ragewa. Amma rabin rabi rubu'i ne: 1/2 × 1/2 = 1/4, ninka lambar da kanta ya rage ta. Tushenta kuma ya fi ta girma, domin √(1/4) = 1/2. Raba 10 da 0.5 kuwa 20 yake bayarwa.

GRE na da wani salon tambaya da ya dogara ƙwarai da wannan. Ana ba da adadi biyu, A da B, da zaɓi huɗu: A ya fi girma, B ya fi girma, daidai suke, ko bayanin da aka bayar bai isa a yanke hukunci ba. Misali: x ta fi sifiri. Adadin A shi ne x², adadin B shi ne x. Wanda ya gwada 2 da 3 da 10 zai ga A na gaba kullum, ya zaɓe shi. Amma idan x = 1 daidai suke, idan x = 1/2 kuma B ne babba. Amsar ita ce ta huɗu.

Maganin wannan shi ne a saba da gwada lambobi iri-iri muddin sharaɗin tambayar ya yarda da su: 0, 1, wata babba kamar 10, guntu kamar 1/2, ta ƙasa da sifiri kamar −2, da guntun ƙasa da sifiri kamar −1/2. Da zarar gwaji biyu sun ba da sakamako mabambanta, an gama. Idan kuwa duka sun tafi hanya ɗaya, sai a nemi dalilin da ya sa haka kafin a zaɓa.

Game da kalkuleta

Kalkuletar GRE tana tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa da fitar da tushe, kuma alƙaluma takwas kawai take nunawa. Tana mayar da kowane guntu mai ɗigo, ta datse jelarsa, alhali sau da yawa zaɓin amsoshin a guntaye suke. Ba za ta gaya wa mutum cewa x na iya zama ƙasa da sifiri ba. Kafin a taɓa ta, a yi kintace: 19.8 × 0.51 kusan rabin 20 ne, don haka amsar da ta yi nisa da 10 alama ce yatsa ya kauce. A tambayoyin da ake rubuta amsa a akwati, ba dole ba ne a rage guntu, 6/8 da 3/4 duk karɓaɓɓu ne. Ba a cire maki saboda amsar kuskure a GRE, saboda haka babu dalilin barin tambaya babu amsa.

Gwaji

1. A jera daga ƙarami zuwa babba: 3/5, 0.58, 7/12.
2. Wanne ne ba ya tsayawa idan aka mayar da shi mai ɗigo: 9/60, 9/70 ko 9/75?
3. Ruwan da ke cikin tanki 2/5 ne na cikinsa. Da aka ƙara lita 90 sai ya kai 7/10. Lita nawa tankin ke ci?
4. An rage farashin kaya da kashi 25 cikin 100. Kashi nawa za a ƙara a kan sabon farashin kafin ya koma na da?
5. y tana tsakanin −1 da 0. Adadin A: y². Adadin B: y³.
6. a ta fi b girma. Adadin A: a². Adadin B: b².

Amsoshi

1. 0.58, 7/12, 3/5, domin 7/12 = 0.5833…, 3/5 kuma 0.6.
2. 9/70. Sauran biyun suna raguwa zuwa 3/20 da 3/25.
3. Lita 300. Bambancin 7/10 da 4/10 shi ne 3/10, kuma shi ne lita 90.
4. Kashi 33 da sulusi. Kayan Naira 100 ya koma 75, ƙarin 25 a kan 75 kuwa sulusi ne.
5. A ya fi girma, domin y² tana sama da sifiri, y³ tana ƙasa da shi.
6. Bayanin bai isa ba. Idan a = 3, b = 2, A ne babba; idan a = 1, b = −4, B ne babba.

Wanda ya faɗi ta biyar ko ta shida, ya koma kan layin lambobi. Wanda ya faɗi ta uku ko ta huɗu, ya riƙa tambayar kansa a kowane mataki: wannan kason, na mene ne? Hukumomin biyu suna da tambayoyin gwaji kyauta a shafukansu na intanet, kuma ya fi dacewa a yi su da agogo a gefe. Minti talatin a kullum na tsawon wata biyu sun fi kwana uku na karatun dare gab da ranar jarrabawa. Ɗan kasuwa kuma yana da filin atisaye a shagonsa: duk ribar da ya lissafa yau, ya rubuta ta a guntu, ya rubuta ta da ɗigo, ya rubuta ta a kashi cikin 100, har hannunsa ya saba da ukun.